Kwana 40, Kwana 120: Lissafin da Masu Rigimar Zubar da Ciki Ba Sa Yi

Bayan isha'i ne, ɗalibai sun watse, saura ni da Malam a zaurensa a nan Birnin Kebbi, sai wani dattijo ya yi sallama. Ƙurar da ke ƙafarsa kaɗai ta isa ta gaya maka ba daga cikin gari ya fito ba. Ya durƙusa ya gaishe da Malam, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, ya sake komawa kan iyali. Na yunƙura in ba su wuri, ya ce, "Zauna abinka, ɗana. Abin da ya same ni ya fi ƙarfin ɓoyo." Sai ya kafa wa tabarma ido ya ce, "Allah gafarta Malam, ɗiyata ce. Mutanen daji sun riƙe ta mako bakwai. Mun sayar da gona da shanun huɗa mun karɓo ta. To ga shi yanzu uwarta ta ce ta yi ɓatan wata."

Malam bai ce haram ba, bai ce halal ba. Carbinsa ya jawo, ya tambaya: ran nawa ga wata aka ɗauke ta? Yaushe ta dawo gida? Yana saurare yana ja, ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya. "In an yi yawa, kwana saba'in ke nan," in ji shi. "Likita ya duba ta?"

Tun daga daren nan, duk inda na ga ana tafka musu kan zubar da ciki, a Facebook ne ko a teburin mai shayi, wanda zai jawo carbi ya yi lissafi nake nema, kuma da wuya in same shi. Magana biyu ce ke yawo. Wannan ya ce kisan kai ne, shi ke nan. Wancan, yawanci da Turanci, ya ce jikin mace nata ne, shi ke nan. Kowace daga cikinsu ba ta buƙatar ka san kwana nawa ne, wace ce matar, me ya same ta. Shi ya sa suke da daɗin faɗa.

Ranar 24 ga Yunin 2022 da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe, wanda tun 1973 ya mayar da zubar da ciki haƙƙi a tsarin mulkinsu, na ga mutanenmu suna ta yi wa juna barka, wai ga shi su da kansu sun dawo hanya. Kaɗan ne suka tsaya duba me aka yanke. Kotun ba ta haramta komai ba, cewa ta yi kowace jiha ta yi dokarta. Ita kuwa dokar jihar Misisipi da aka yi shari'ar a kanta, wadda masu adawa da zubar da ciki suka tsaya wa har Kotun Ƙoli, bayan mako 15 ta hana. Wato a ƙarƙashinta mace na iya zubar da cikin wata uku ba tare da ta ba kowa dalili ba. Sai bayan hukuncin ne jihar ta ƙara tsanantawa. Da ɗan majalisa zai kawo irin wannan ƙudurin zauren majalisar dokokin Kebbi, da bai kwana a garin nan ba. Mun yi wa abin da ba mu karanta ba tafi.

Ita kanta rigimar Amurkan ba haka ta faro ba. Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama jagoran masu adawa, shi ya sa hannu a dokar da ta sassauta zubar da ciki a Kalifoniya a 1967, yana gwamna. A 1971 babban taron cocin Baptis na kudancin ƙasar, wanda yau yake sahun gaba wajen hani, ya nemi doka ta ba da dama idan fyaɗe ne, ko ɗan tayi na da mummunar naƙasa, ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Alƙalai bakwai cikin tara suka yanke hukuncin Roe, biyar daga cikinsu shugabannin jam'iyyar Ripablikan ne suka naɗa su. Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 masu tsara siyasa suka gano maganar tana fito da mutane daga gida ranar zaɓe, tana kuma buɗe aljihun masu ba da gudummawa. Daga nan kowace jam'iyya ta kama nata ɓangaren. Zaɓen fidda gwani kuwa masu zafin ra'ayi suka fi fitowa, don haka ɗan takarar da ya ce "ya danganta" shi ake fara kayarwa. A hankali masu "ya danganta" suka ƙare a cikin 'yan siyasa, amma ba su ƙare a cikin jama'a ba. Tun 1975 kamfanin Gallup mai jin ra'ayin jama'a ke yi wa Amurkawa tambaya guda, rukunin da ya fi yawa kuwa shi ne na masu cewa a bari a wasu yanayi, a hana a wasu. Jihar Kansas, da ta daɗe tana zaɓen Ripablikan, ta kaɗa ƙuri'a a Agustan 2022, kusan kashi 59 cikin ɗari suka ƙi yarda a cire kariyar daga tsarin mulkin jihar.

Akwai dabarar da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai: kowa ya ɗauko labarin da ya fi ƙaranci ya ɗaga shi sama. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna kusan kashi 93 cikin ɗari na zubar da ciki a can kafin a wuce mako 13 ake yin sa, wanda ake yi daga mako 21 zuwa sama kuwa kusan kashi ɗaya ne. Amma hoton wannan kashi ɗayan masu adawa ke ɗagawa a zanga-zanga. Ɗaya ɓangaren kuma ya ɗauko yarinyar nan 'yar shekara goma da aka yi wa fyaɗe a Ohayo a 2022, wadda sai da aka tsallaka da ita Indiyana, ya yi ta magana kamar duk matan irinta ne.

Abin da ya hana su haɗuwa a tsakiya ya wuce taurin kai. Kowa hujjarsa ce ta ɗaure shi. Wanda ya ce rai ne cikakke tun daga daren farko, in ya yarda da uzurin fyaɗe ya rushe gininsa da hannunsa, domin ba a kashe ɗa saboda laifin ubansa. Wanda ya ce jikinta ne ita kaɗai, in ya yarda a sa iyaka a wata bakwai, ya amsa ke nan cewa akwai wani a jikin nan ban da ita. Don haka kowa ya ƙanƙame nasa ƙarshen igiyar. Yau Tekzas ta hana ko da fyaɗe ne, Kolorado da Oregon kuwa dokarsu ba ta yanka wani mako da za a tsaya ba. Har jini an zubar. A 1993 aka harbe likita David Gunn a bakin asibitinsa a Fulorida. A 2009 aka bi likita George Tiller har cikin cocinsa a Kansas ranar Lahadi aka bindige shi, wanda ya yi kisan kuma ya gaya wa kotu ran jarirai yake karewa. In ka shekara talatin kana gaya wa mutane ana yanka yara a bayan gidansu, wata rana wani zai ɗauki maganarka da gaske.

Wani zai ce ina ruwan Biri da gada. Da ruwansa. A 1984 gwamnatin Reagan ta kafa sharaɗin da ake kira na Birnin Meziko: duk ƙungiyar ƙasar waje da ke karɓar tallafin Amurka na tsarin iyali ba za ta yi aikin zubar da ciki ko kira gare shi ba, ko da da kuɗin wani ne. Clinton ya soke shi a 1993, Bush ya dawo da shi a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya dawo da shi a 2017, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake dawowa da shi a Janairun 2025. Abin da wata ƙungiya za ta iya yi ko faɗa a ƙaramin asibitin karkara a ƙasar Argungu ko Zuru yana iya juyawa saboda ƙuri'ar da aka kaɗa a wata duniya. Ga kuma wayar hannu, wadda ke kawo mana taken ɓangarorin biyu a dafe, sai haɗiya.

Abin takaicin shi ne mun yi aron faɗan da namu ilimin bai tilasta mana ba. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya haddace hadisi na huɗu a Arba'una, na Abdullahi ɗan Mas'udu: ana tara halittar mutum a cikin mahaifiyarsa kwana arba'in yana ɗigon maniyyi, sannan gudan jini kamar haka, sannan tsoka kamar haka, sannan a aiko mala'ika ya busa masa rai. Arba'in sau uku, 120. Akwai kuma hadisin Huzaifa ɗan Asidu a Sahihu Muslim da ya ambaci dare 42, wanda ya sa wasu malamai suka matso da iyakar kusa. (Su likitoci daga ranar farko ta al'adar ƙarshe suke fara ƙirga, don haka kwana 120 na malamai yakan faɗo wajen mako 19 a katin awo. Wannan tazarar ta mako biyu ta sha rikita mutane.)

Bayan busa rai babu saɓani, haramun ne. Kafin nan ne aka rabu. Mazhabarmu ta Malikiyya, wadda malaman Gwandu da Sakkwato suka rayu a kanta, ita ta fi kowa tsanani: Shehu Dardiri ya ce bai halatta a fitar da abin da ya riga ya zauna a mahaifa ba ko da kafin kwana arba'in ne, wannan kuma shi ne mashhuri. Amma ko a cikin gidan akwai Lakhami, wanda ya halatta kafin arba'in. Hambalawa da yawa sun ba da dama kafin arba'in. A Shafi'iyya Imamu Gazali ya hana tun daga farko, sai dai ya ce laifin hawa-hawa ne, yana ƙara nauyi yadda halittar ke ƙara cika. Ramli kuwa ya sassauta kafin busa rai. Hanafawa da yawa sun ba da dama kafin 120 in da uzuri, kuma ka ji misalin uzurin da littattafansu suka kawo: mace mai goyo ta samu ciki, nono ya ɗauke, uban ba shi da abin da zai ɗauki mai shayarwa, ana tsoron kada na goye ya mutu. Kwanika ke nan, wadda kowace tsohuwa a ƙauyukanmu ta sani, ga ta zaune a littafin fiƙihu tun ɗaruruwan shekaru.

Hatta mu Malikawa masu tsananin, ba mu daidaita ɗan tayi da wanda aka haifa ba. Lokacin da wata mata daga ƙabilar Huzailu ta jefi wata 'yar ƙabilarsu da dutse ta kashe ta da abin da ke cikinta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gurra, wato diyyar bawa ko baiwa, ya yanke wa ɗan tayin, wadda malamai suka ƙiyasta da raƙuma biyar, alhali cikakkiyar diyya raƙumi ɗari ce. Wanda ya karanta Risala kuma ya san jaririn da bai yi kuka ba bayan ya faɗo ba a yi masa salla, ba ya gado, ba a gādonsa. Wannan duk bai mayar da zubar da ciki halal ba. Abin da ya nuna shi ne mai ihun "kisan kai" a kan cikin mako biyar ya faɗi abin da littafin da ke kan teburinsa bai faɗa ba. Laifi ne a mashhurin mazhabarmu, amma yana da sunansa da hukuncinsa daban.

Malaman zamani ma ba su nannaɗe hannu ba. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yanke cewa idan kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar ɗan tayi na da mummunar naƙasar da ba ta da magani, ya halatta a cire kafin kwana 120 in iyayen sun nema; bayan 120 kuwa babu hali, sai fa in barin cikin haɗari ne tabbatacce ga ran uwar. Lokacin yaƙin Bosniya, da sojoji suka yi wa mata Musulmi fyaɗe, Shehu Yusuf Ƙardawi ya ce babu zunubi a kansu, kuma akwai rangwame, wanda ya fi ƙarfi a kwana arba'in na farko. A 1998 muftin Masar na lokacin, Nasr Farid Wasil, ya halatta wa wadda aka yi wa fyaɗe kafin 120. Tambayar da aka yi a Bosniya yanzu ta iso Danko-Wasagu da Sakaba. Ɗaliban da aka sace a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021, na ƙarshensu sai a 2023 suka dawo, wasu da jarirai a hannu. Waɗannan su ne aka ji labarinsu saboda 'yan makaranta ne. Matan ƙauye da ake ɗauka a hanyar gona ko a raba su da gida da tsakar dare, ba mai kawo sunansu a rediyo.

To me ya sa ba ka jin wannan bayanin a kan mumbari? Malaman sun sani, ai su suka karantar da mu. Tsoro suke ji. Wanda ya tsaya gaban lasifika ya ce "akwai saɓani kafin arba'in", kafin la'asar an yanko daƙiƙa talatin daga karatunsa an watsa, an rubuta a sama cewa Malam ya halatta zubar da cikin shege, Yahudawa sun saye shi. Akwai kuma tsoro na gaskiya wanda ban raina ba: kada a buɗe ƙofa don mai lalura, mai son zuciya ya riga shi shiga. Sai aka zaɓi a bar kaza cikin gashinta. A fili kalma ɗaya, a zaure bayan isha'i kuma a jawo carbi. Wanda ya san hanyar zauren ya samu amsa. Wadda ba ta da uban da zai taka mata, sai kemis ɗin lungu ko mai jiƙe-jiƙe.

Doka ma ba ta da faɗi. Sashe na 232 na Final Kod, kundin dokokin laifuka na arewa, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar wa mace da ciki, sai in an yi ne da kyakkyawar niyya don ceton ranta. Babu fyaɗe a ciki, babu naƙasa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin mata a Afirka, wadda sashenta na 14 ya ambaci fyaɗe da haɗari ga lafiyar uwa, amma ba a mayar da wannan dokar gida ba. Da shari'ar Musulunci ta dawo, Zamfara a Janairun 2000, Kebbi ta bi sahu a shekarar, sai wani nauyin ya ƙaru: a Malikiyya bayyanar ciki ga marar miji hujja ce ta zina. Da ita aka yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa a Sakkwato a 2001 da Amina Lawal a Katsina a 2002. Dukansu sun kuɓuta a ɗaukaka ƙara, kuma cikin hujjojin da suka ceci Amina har da maganar kwantaccen ciki, wadda daga cikin fiƙihun Malikiyyar ta fito. Mazan da aka ambata kuwa tun a kotun farko suka kaɗe rigarsu suka tafi. Kowace yarinya a arewa ta fahimci darasin ba tare da an fassara mata ba: ciki shi ne shaidar da ba ta rantsuwa, kuma a jikin mutum ɗaya take fitowa.

Shirun bai hana komai ba. Binciken da cibiyar Guttmacher ta yi tare da masana na Najeriya ya ƙiyasta an zubar da ciki miliyan 1.25 a ƙasar nan a 2012, wato 33 ga kowace mata dubu masu shekara 15 zuwa 49. Arewa maso yamma 31 ta samu, sama da kudu maso yamma mai 27. Mu da muke cewa wannan abin 'yan Legas ne. Mata kusan 212,000 aka yi wa magani a asibiti saboda matsalar da ta biyo baya a shekarar, wasu kusan 285,000 kuma sun samu matsalar ba su ga asibiti ba. Yayata ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa kafin ta yi ritaya. Da na karanta mata waɗannan alƙaluman ko gezau ba ta yi ba. "Kai dai bari," ta ce. "Kuna ta maganar 'yan mata. Ni waɗanda suka fi zo mini cikin jini matan aure ne. Goyon wata biyar a baya, ga wani a ciki, haihuwa ta tara, miji ya ce ba a yi masa tazara a gida. Ta sha abin da maƙwabciya ta ba ta, sai ya kwana uku yana wari sannan a kawo ta." Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin ɗari kacal na matan aure ke amfani da hanyar tazarar haihuwa ta zamani. Wanda ya hana tazara ya kuma la'anci zubarwa, ya toshe ƙofa ya toshe taga, sannan yana mamakin ganin an fasa bango.

Wadda ba ta ji ba ta gani ba ma tana biyan kuɗin wannan zargin. Matar ƙanena ta shekara shida tana neman haihuwa. Da Allah ya ba ta, a wata na uku jini ya ɓalle mata da dare, mijin yana Jega wurin kasuwa. Ni da mahaifiyarmu muka sa ta a keke zuwa wani asibiti, zane biyu sun jiƙe kafin mu isa. Tambayar farko da aka yi mata ita ce, "Me kika sha?" Ta ce ba ta sha komai ba. Aka sake tambaya. Aka tambayi ina mijin, aka dube ni sama da ƙasa. Tana kwance a kan benci tana kukan ɗan da ta yi shekara shida tana roƙo, ana neman ta amsa laifin kashe shi. Sai da Inna ta ɗaga murya sannan aka shiga da ita aka yi mata wankin ciki, aka ƙara mata jini leda ɗaya. Na ji haushin nas ɗin a daren, yanzu kuwa na rage. Ɓari da zubarwa kamanninsu ɗaya a kan gadon asibiti, maganinsu ɗaya, kuma babu dokar da ta hana a kula da mai zubar jini ko mene ne sanadinsa. Amma ma'aikaciyar da aka tsorata da shekara 14 da bakin duniya, kanta za ta fara karewa. Ƙwayar misoprostol ma haka ta tsinci kanta. Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi mata rajista don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, a 2006, amma da yake tana iya fitar da ciki, sai ambaton sunanta ya zama abin raɗa. Wannan fa a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 82,000 sun mutu a dalilin ciki da haihuwa a 2020, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.

Masu fafutukar ɗaya ɓangaren ma ina da magana da su. Wanda ya zo daga taron bita a otal ɗin Abuja yana cewa ɗan tayi tsoka ce kawai, ya je ya faɗa wa matar ƙanena. Zargin da mutanenmu ke yi wa duk abin da ya zo da tambarin tallafi ba daga sama ya faɗo ba, ruwa ba ya tsami banza: gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 yana cikin abin da ya haifi ƙin rigakafin shan inna a 2003. Kuma duk lokacin da aka turo maganar da yaren "'yanci", martanin da ke biyowa yakan haɗiye har abin da doka ta riga ta yarda da shi. A 2018 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fitar da ƙa'idojin cire ciki a inda doka ta halatta. Legas ta fitar da nata a ƙarshen Yunin 2022, ba a yi mako biyu ba gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da su saboda hayaniya, kuma cocin Katolika na gaba-gaba a masu hayaniyar, kada wani ya ɗauka matsalar Musulmin arewa ce kaɗai. Maƙwabtanmu na Benin, da muke iyaka da su ta Bagudo, sun halatta har mako 12 a Oktoban 2021, ko da dalilin ƙuncin rayuwa ko karatu ne. Ni ban nemi wannan ga Kebbi ba, kuma ba na jin akwai malamin da zai sa masa hannu. Abin da nake nema ya fi haka ƙanƙanta: malamanmu da likitocinmu su zauna ɗaki ɗaya su rubuta, da Hausa, me za a ce wa wadda aka karɓo daga daji, me za a yi wa mai jijjigar da cikin ke neman ranta, kwana nawa ne, wa zai sa hannu. Makka ta yi nata tun 1990, sama ba ta faɗo ba.

A daren nan Malam bai ɓoye wa dattijon komai ba. Ya gaya masa mashhurin mazhabarmu hani ne. Ya gaya masa akwai manyan malamai da suka yi rangwame ga wadda aka yi wa dole matuƙar ba a busa rai ba, kuma a wurinsu kowace rana da ta wuce tana ƙara wa abin nauyi. Ya gaya masa dokar ƙasa ceton rai kawai ta sani, don haka maganar likita ce za ta fara. Ya ce yarinyar ba ta da zunubi ko na ƙwayar zarra, abin da ke cikinta ma haka, in an haife shi ɗan Musulmi ne, duk wanda ya kira shi da mummunan suna shi ya ɗauki alhaki. Ya gargaɗe shi har sau biyu kada a kuskura a ba ta wani jiƙo ko ƙwayar kemis. Dattijon yana ta "Na'am, Allah gafarta Malam."

Can Malam ya ajiye carbin ya ce, "Ita ɗiyar, mi ta ce?"

Dattijon ya daɗe bai ɗago ba. "Tun da ta dawo ba ta magana," ya ce. "Mu ma ba mu tambaye ta ba."

"To ka koma ka zo da ita da uwarta. Su shiga cikin gida wurin iyalina, su za su fi jin bakinta. Daga nan a wuce asibiti."

Hanyar garinsu ba ta biyuwa da dare, sai Malam ya sa na shiga ciki na ɗauko masa tabarma da bargo.